Saiwar Ashwagandha da Garin Alkama: Nazarin Gwajin Maganin Ƙarfin Maza a Jamnagar

A shekarar 2011 mujallar Ayu, wadda cibiyar koyar da Ayurveda, wato likitancin gargajiyar Indiya, ta garin Jamnagar a jihar Gujarat ke fitarwa, ta buga sakamakon wani gwaji da ba irin wanda masu tallar maganin ƙarfin maza ke so a ji ba ne. Waɗanda suka yi aikin, Prasad Mamidi da A. B. Thakar, ba baƙi ba ne da suka zo kushe maganin gargajiya. 'Yan gida ne, Ayurveda suka karanta, a asibitinsa suke duba marasa lafiya. Kuma Ayurveda a Indiya ba sana'ar bakin kasuwa ba ce kawai: yana da kwalejoji da digiri da asibitocin gwamnati, har da AYUSH, ma'aikatar tarayya mai kula da maganin gargajiya, da aka kafa a 2014. Jamnagar na cikin manyan cibiyoyinsa, a can ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta maganin gargajiya a watan Afrilun 2022.

Tambayar da suka sa a gaba ɗaya ce: shin garin saiwar ashwagandha yana warkar da raunin mazakutar da tushensa damuwa ce ba lalacewar jiki ba?

Mazan da aka ɗauka

Likitoci sun raba raunin mazakuta gida biyu, ko da yake a jikin mutum ɗaya sukan haɗu. Akwai wanda ciwon suga ko hawan jini ko taba suka lalata wa hanyoyin jini da jijiyoyi. Akwai kuma wanda jikinsa lafiya lau, gabansa na miƙewa cikin barci da kuma da asuba, amma da zarar ya kusanci iyalinsa sai fargaba ta rufe shi. Ya kasa sau ɗaya, washegari ya zo da tsoron kada ya sake kasawa, tsoron kuwa shi ke kayar da shi. Irin waɗannan na biyun aka tattara a Jamnagar, su 95. Guda 86 ne suka kai ƙarshen gwajin.

Ba za a fahimci nauyin wannan fargaba ga namijin Indiya ba sai an san abin da ya tashi yana ji. A koyarwar Ayurveda, abinci na rikiɗa mataki-mataki ya zama sinadaran jiki bakwai, na ƙarshensu kuma mafi tsada shi ne shukra, wato maniyyi. A bakin jama'a wannan ya koma cewa sai ɗigo 40 na jini sun taru ake samun ɗigo ɗaya na maniyyi. Saurayin da ya yi mafarki ko ya ga wani fari-fari a fitsarinsa sai ya ɗauka ƙarfinsa ne ke tsiyayewa, ya shiga kasala da rashin barci da tsoron daren aure. A 1960 likitan ƙwaƙwalwa Narendra Wig ya raɗa wa wannan hali suna ciwon dhat. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar mai magani a kasuwanninmu, ya ji yadda lasifika ke ɗora komai a kan sanyi da basir, ya san yadda ake shuka wa lafiyayyen mutum shakka kafin a miƙa masa kwalba.

Zaɓen ashwagandha kuwa ba a yi shi da ka ba. Ƙaramin tsiro ne ɗan dangin gauta, ana noma shi sosai a yankin Neemuch da Mandsaur na jihar Madhya Pradesh, saiwarsa ake amfani da ita. Littattafan Ayurveda sun sa shi cikin masu ƙara ƙarfi da maniyyi, sannan an daɗe ana ba da shi don kwantar da hankali da samun barci. Wani gwaji da aka yi a Hyderabad aka buga a 2012, kan mutum 64 masu fama da damuwa, ya nuna sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki in yana cikin matsi, ya ragu da kusan kashi 28 cikin 100 bayan kwana 60. To idan damuwa ce ke hana namiji, ga kuma saiwar da ke rage damuwa, hankali zai ba ka cewa a nan ne ya kamata ta fi nuna kanta.

Aka raba mazan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka ba su ƙwayoyin garin saiwar, giram 2 sau uku a rana. Ɗaya rukunin aka ba su ƙwayoyi masu kama da su, amma ba komai a ciki sai garin alkama, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Aka yi kwana 60 a haka. An auna su kafin da kuma bayan da wata takardar tambayoyi 15 da ake kira IIEF, wadda ke bincikar miƙewar gaba da inzali da sha'awa da gamsuwa.

Maza 41 da suka sha ashwagandha makinsu ya ƙaru da kashi 12.6 cikin 100. Maza 45 da suka sha garin alkama nasu ya ƙaru da kashi 19.11. A lissafin masana, tazarar da ke tsakanin rukunonin biyu ba ta kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Masu binciken sun riga sun ajiye cewa duk ci gaban da bai kai kashi 25 ba ba za a kira shi sauƙi ba, don haka suka rubuta a fili cewa daga saiwar har alkamar babu wanda ya ba da sauƙi.

Ina ganin girman mutanen nan saboda wannan jumlar. A gidan Ayurveda suke, a mujallar gidan suka buga, kan tsiron da Indiya ke alfahari da shi take kuma samun kuɗi da shi a kasuwannin duniya. Da sun so, da sun tsaya a kan cewa masu shan ashwagandha sun ci gaba da kashi 12.6, su yi shiru kan 'yan alkama, kuma ba su yi ƙarya ba. Yawancin tallan da ake gani haka ake gina shi.

Abin da ƙwayar bature ke yi

A ɗaya ɓangaren akwai sildenafil. Masanan kamfanin Pfizer a garin Sandwich na Ingila suka haɗa shi a 1989, suna neman maganin ciwon ƙirjin da toshewar hanyoyin jinin zuciya ke kawowa. A wannan aikin bai taka rawar a zo a gani ba, sai dai mazan da aka gwada shi a kansu sun riƙa ba da labarin miƙewar gaba. Ranar 27 ga Maris 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Viagra. A 2003 vardenafil da tadalafil suka biyo baya.

An san yadda yake aiki dalla-dalla. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyi kan saki iskar naitirik oksaid a cikin gaba, ita kuma ta ƙara wani sinadari mai suna cGMP, wanda ke sa tsokar hanyoyin jini ta saki, jini ya kwararo ya cika. Akwai wani sinadarin, PDE5, da aikinsa rushe cGMP ne. Sildenafil PDE5 yake tarewa, shi ke nan. Yakan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ya yi kamar awa 4. Tadalafil kan kai awa 36. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba ya haifar da sha'awa. Wanda zuciyarsa ba ta motsa ba, ko ya sha, babu abin da zai faru.

An gwada shi a kan irin mazan Jamnagar, wato masu raunin da damuwa ta haifar: kashi 84 cikin 100 suka ce sun ga canji, a kan kashi 26 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. A masu ciwon suga, inda jijiyoyi sun riga sun taɓu, adadin ya sauko zuwa kashi 56 a kan kashi 10. Kada a jera waɗannan alƙaluma da na Jamnagar kafaɗa da kafaɗa, domin na farko yawan mutanen da suka ji sauƙi yake ƙirgawa, na biyu kuwa ƙaruwar maki. Abin dubawa shi ne tazara tsakanin magani da ƙwayar banza. A sildenafil tazarar a buɗe take. A ashwagandha babu ita.

A Indiya kuma ƙwayar ba ta yi tsada ba. Dokar ƙasar ta 1970 hanyar haɗa magani take karewa ba maganin kansa ba, haka ta zauna har 2005. Saboda haka tun 2001 kamfanonin gida suka fara fitar da nasu sildenafil, aka samu irin su Penegra da Caverta da Silagra da Kamagra da Manforce. Daga masana'antun nan ne da yawa daga cikin ƙwayoyin da ke kemis-kemis ɗinmu suke fitowa.

Me Charaka ya yi alkawari?

Mai kare Ayurveda zai ce gwajin Jamnagar bai yi masa adalci ba, kuma yana da abin faɗa. Ilimin ƙarfin maza da haihuwa, vajikarana, ɗaya ne daga rassa takwas na Ayurveda, kuma Charaka Samhita, tsohon littafin da ake jingina wa wani likitan dā mai suna Charaka, ya ware masa babi guda mai kashi huɗu. Wanda ya karanta babin zai ga ba maganin dare ɗaya ake bayani ba. Babbar manufarsa zuriya ce. Ya hana kusantar mace kafin shekara 16 da kuma bayan 70. Ya shar'anta a fara wanke ciki kafin a sha komai, yana cewa magani ba ya kama jikin da ba a tsarkake ba, kamar yadda rini ba ya kama tufa mai dauɗa. Haɗe-haɗensa rabinsu abinci ne: madara, man shanu, zuma, ruwan rake, wata shinkafa mai nuna cikin kwana 60, wani baƙin wake da suke kira masha, romon zakara da na gwara. A cikinsu ake zuba saiwoyi da 'ya'yan itatuwa irin su shatavari da vidari da gokshura da kapikacchu. Biyun ƙarshen nan ba baƙinmu ba ne: gokshura shi ne tsidau da ke sukar ƙafa a fako, kapikacchu kuwa ƙarara ce mai ƙaiƙayi.

Kuma tun a farkon babin, kafin ya ambaci saiwa ko ɗaya, Charaka ya ce mafificin vajikarana ita ce macen da zuciyar namiji ta kwanta da ita. Ya ci gaba da lissafa ƙamshi da ado da sakin fuska da rashin damuwa. Wato shi kansa ya san rabin matsalar a zuciya take, bai kuma ɗora wa gari ɗaya nauyin gyara ta ba.

To a Jamnagar an zare tsiro ɗaya daga cikin wannan tsari duka, aka mai da shi ƙwaya, aka auna shi da IIEF, ma'aunin da aka ƙirƙiro a 1997 tare da gwaje-gwajen sildenafil, wanda kashi mafi tsoka a cikinsa miƙewar gaba yake aunawa. Mutum 86 ma ba su da yawa. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ba zan ce gwajin ya rushe vajikarana ba. Amma a lura da wanda hukuncin ya faɗa wa. Abin da ake sayarwa a shaguna da intanet da sunan Viagra na gargajiya ba tsarin Charaka ba ne. Babu wankin ciki, babu madara, babu likitan da zai zauna ya saurari mutum. Tsiro ne a cikin kafso da hoton doki a jikin kwali, da alkawarin aiki a daren nan. Ainihin abin da aka gwada a Jamnagar ke nan, kuma bai fi garin alkama ba.

Inda tsirran nan suke da alamar amfani wani wuri ne dabam. A Lucknow an ba maza marasa haihuwa giram 5 na garin ashwagandha kullum na wata 3, an kuma yi irin haka da garin ƙwayar ƙarara, aka ga yawan ƙwayoyin maniyyi da motsinsu sun ƙaru. Na ƙarara yana da dalili sananne, domin ƙwayarta na ɗauke da sinadarin L-dopa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin, wani sinadari mai hannu a motsa sha'awa. Wani gwaji na 2013 kan maza 46 masu ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ya samu ƙaruwa mai yawa bayan kwana 90 na shan ruwan saiwar ashwagandha da aka tace aka busar. Wani na 2022 kan maza 50 ya samu ƙarin sha'awa bayan mako 8. Ƙananan gwaje-gwaje ne, bai kamata a gina gini mai nauyi a kansu ba, ingantuwar maniyyi a ɗakin gwaji kuma ba ita ce ɗaukar ciki ba. Tsidau kuwa sakamakonsa ya rabu: a Brazil, maza 30, bai fi ƙwayar banza ba, a Bulgeriya, maza 180, ya ɗan fi ta. Duk da haka hoton da ke fitowa ɗaya ne. Tsirran a hankali suke aiki, cikin makonni da watanni, a kan maniyyi da sha'awa da damuwa. Sildenafil cikin awa ɗaya yake aiki, a kan hanyar jini kaɗai, ba ya taɓa maniyyi ba ya taɓa sha'awa. Tambayar wanne ya fi tun daga tushe a karkace take, sai an fara tambayar me ke damun mutumin.

Kashi 19 na 'yan alkama ma abin tsayawa ne. Mazan nan babu abin da ya shiga cikinsu sai alkama, amma sun zauna gaban likita sun faɗi abin da wataƙila ba su taɓa faɗa wa kowa ba, an auna su, an ba su abin sha, an ce su dawo. Wannan kaɗai ya motsa makinsu. A nan ne ake gane dalilin da ya sa kowane mai magani ke da shaidu na gaskiya, mutanen da ba ƙarya suke yi ba in sun rantse sun ji canji.

Kowanne da haɗarinsa

Illolin sildenafil a rubuce suke a takardar da ke cikin kwali: ciwon kai ga kusan kashi 16 cikin 100, ɗumin fuska ga kashi 10, ɓacin ciki, toshewar hanci, wani lokaci gani ya yi shuɗi-shuɗi. Miƙewar da ta wuce awa 4 sai asibiti cikin gaggawa. Mafi muni shi ne haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji irin su nitroglycerin da isosorbide, domin jini na iya faɗuwa warwas har rai ya salwanta. Akwai kuma wata illar da ba a jikin ƙwayar take ba. Raunin mazakuta sau da yawa shi ne gargaɗin farko na toshewar hanyoyin jini, yakan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5, saboda hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta. A Indiya, inda binciken hukumar nazarin lafiya ta ƙasar, ICMR, na 2023 ya ƙiyasta masu ciwon suga miliyan 101, magidancin da ya sayi ƙwaya a kemis ba tare da an auna jininsa da sugansa ba ya kashe ƙararrawar da ke ƙoƙarin ceton ransa ne.

Na gargajiyar kuma ba don daga ƙasa ya fito ba ya zama marar illa. A 2020 likitoci daga Aisilan da Amurka suka ba da rahoton mutum 5 da hantarsu ta taɓu bayan shan ashwagandha, likitocin Indiya ma sun ba da nasu rahoton a 2023, har da mace-mace cikin masu tsohon ciwon hanta. A shekarar ce Denmak ta hana sa shi cikin kayan ƙarin lafiya. Sai batun ƙarafa: Robert Saper da abokan aikinsa sun sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan Boston, rahotonsu na 2004 ya nuna 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. A 2008 suka sake gwada 193 da aka saya ta intanet, aka samu kusan ɗaya cikin biyar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda biyun suka haɗu a ɓoye, wato a zuba sildenafil cikin garin itace a rubuta “na gargajiya zalla”. Adalci ya sa a faɗi cewa da masanan NIPER, cibiyar nazarin magunguna ta garin Mohali a Indiya, suka binciki irin waɗannan kayayyaki 85 daga kasuwar Indiya, a rahotonsu na 2010 ɗaya kacal suka samu da sildenafil. Amma a Amurka, daga 2007 zuwa 2016, hukumar magunguna ta gano kayan ƙarin lafiya 776 da aka cusa wa magungunan asibiti a ɓoye, 353 daga ciki na ƙarfin maza ne. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 da suga ya faɗi musu ƙasa bayan shan irin waɗannan kayayyaki na bogi da aka gauraya da maganin ciwon suga, 4 suka rasu. Wa ya fi neman na gargajiya? Dattijon da likita ya ce masa kada ya kuskura ya sha Viagra saboda maganin zuciyar da yake sha. Shi ne zai sayi kwalbar da ransa a kwance, alhali abin da aka hana shi ne a ciki, ba tare da ya san yawansa ba.

Indiya na da doka tun 1954 da ta haramta tallar duk wani magani da sunan ƙara ƙarfin jima'i ko warkar da raunin mazakuta, amma bangon tashoshin jirgin ƙasa da shafukan intanet cike suke da irin wannan talla. Haɗin da aka ɗauko daga tsofaffin littattafan da doka ta lissafa kuma ana ba shi lasisi ba sai an yi masa gwajin asibiti ba. Shi ya sa aiki irin na Mamidi da Thakar yake da daraja, domin ba doka ce ta tilasta musu ba. Abin da nake so in ga Jamnagar ta yi yanzu, tunda ga cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙofarta, shi ne ta ɗauki hujjar masu kare Charaka da muhimmanci ta gwada ta: rukuni ɗaya a yi musu cikakken vajikarana da wankin cikinsa da abincinsa, rukuni ɗaya a ba su sildenafil, rukuni ɗaya a zaunar da miji da matarsa gaban mai ba da shawara, maza ɗaruruwa ba 86 ba, a bi su shekara guda, a kuma tambayi matan su ma abin da suka gani.